Canza Inji a Tsohuwar Mota: Matsalar Sitata da Batir a Tsakanin Direbobin Kasuwar Bodija

Gabatarwa

Kasuwar Bodija tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kayan abinci a birnin Ibadan, wanda Hausawa suke kira Badun. An buɗe ta a shekarar 1987, bayan da tsohuwar kasuwar Orita Merin ta yi wa 'yan kasuwa kaɗan. Wake da masara da albasa da tattasai da ake sayarwa a cikinta, mafi yawansu daga Arewa suke zuwa, kuma Hausawa suna da hannu sosai a wannan fatauci. Dama can Hausawa sun daɗe a wannan birni. Tun shekarar 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo da ke kusa da Mokola, inda suka shahara da cinikin goro da shanu, har wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa littafi a kansu a 1969. A wancan zamani jirgin ƙasa ne yake ɗaukar kaso mai yawa na kayansu. A yau kuwa mota ce ta gaji wannan aiki.

Tafiya daga Kano zuwa Ibadan ta kusa kilomita 1,000, ta Mokwa da Jebba da Ilorin da Ogbomoso. Da yawa daga cikin motocin da suke wannan zirga-zirga, da kuma ƙananan a-kori-kura masu rarraba kaya a cikin gari, tsofaffi ne. Idan injin irin wannan mota ya mutu, mai ita ba ya jefar da ita. Yakan nufi kasuwar kayan gyara ta Agodi Gate, ko kasuwar Ladipo a Legas, ya sayo injin da aka taɓa aiki da shi a ƙasar waje, wanda Yarbawa suke kira tokunbo, a ɗora masa. Sau da yawa bayan an gama wahalar ɗora injin, sai a murɗa makulli a ji "ƙas", shi ke nan. Wani lokacin kuma motar ta tashi lafiya, bayan mako biyu sitata ta ƙone a tsakiyar daji da lodin tumatir a baya.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan dalilin faruwar haka. Za ta nuna cewa abubuwa uku ne dole su dace da juna kafin sabon inji ya zauna lafiya a tsohuwar mota: ƙarfin lantarkin sitata, da haƙoranta, da wayar da take ba ta wuta.

Mece ce Sitata?

Injin mota ba ya iya tayar da kansa. Sai an fara juya shi, ya shaƙi iska da mai, ya matse su, sannan wuta ta kama ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. A farkon zuwan mota da hannu ake wannan aiki, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban mota ana murɗawa. Aiki ne mai haɗari, domin injin yakan juyo baya ya karya hannun mutum. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, wadda wani injiniya mai suna Charles Kettering ya tsara mata na'urar tayarwa. Wannan na'ura ita ce sitata, wasu makanikai kuma suna ce mata kik.

Sitata ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir. A cikinta akwai naɗin wayar jan ƙarfe wanda yake zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi, sai ya juya sandar da ke tsakiya. A bakin sandar akwai ɗan ƙaramin giya mai haƙora, wanda makanikai suke kira bendis, sunan da ya samo asali daga Vincent Bendix, mutumin da ya ƙirƙiro dabarar. A bayan injin mota kuma akwai wani babban faifan ƙarfe mai haƙora a kewayensa, wato filawil. Idan direba ya murɗa makulli, wani ɗan maganaɗisu da ke saman sitata, mai suna solonoid, yakan tura ɗan giyan ya shiga haƙoran faifan, a lokaci guda kuma ya haɗa babbar wayar batir. Sitata ta juya faifan, faifan ya juya inji. Da zarar injin ya kama, ɗan giyan sai ya janye.

Ke nan sitata tana hulɗa da ɓangarori biyu. Ta gefe guda tana shan wuta daga batir, wanda na tsohuwar motar ne. Ta ɗaya gefen kuma tana cizon faifan injin da aka sayo daga wata motar daban. Shi ya sa rigimar canza inji takan fara bayyana a wurinta.

Ma'anar Bolt 6, 12 da 24

Domin fahimtar lantarki, bari mu kwatanta shi da ruwan tanki. Idan aka ɗora tanki a bisa, ruwa yana saukowa da ƙarfi gwargwadon tsayin wurin. Wannan ƙarfin turawa shi ne ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da yake bi ta cikin bututu kuma shi ne kwatankwacin amfiya. Waya ita ce bututun. Idan aka ninka bolt da amfiya, sai a sami yawan aikin da wutar take yi, wanda ake aunawa da wat.

Batirin mota yana da ɗakuna a cikinsa, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Batir mai ɗaki 3 shi ne mai bolt 6, mai ɗaki 6 kuma shi ne mai bolt 12. Idan aka jera batir biyu masu bolt 12, aka haɗa kan fozitif na ɗaya da kan negatif na ɗayan, sai a sami bolt 24. Amma idan aka haɗa fozitif da fozitif, negatif da negatif, bolt 12 ɗin yana nan, sai dai wutar za ta fi daɗewa. Ganin batir biyu a mota, saboda haka, bai isa hujjar cewa motar mai bolt 24 ba ce. Sai an duba yadda aka haɗa su.

Mu ɗauka ana son sitata ta yi aikin wat 1,200. A tsarin bolt 6 za ta ja amfiya 200. A tsarin bolt 12 za ta ja 100, a tsarin bolt 24 kuma 50 kawai. Da yake yawan amfiya shi ne yake sa waya zafi, motar bolt 6 tana buƙatar waya mai kauri ƙwarai. Wannan ne ya sa, da injuna suka ƙara girma da ƙarfin matsi, kamfanonin Amurka suka bar bolt 6 suka koma 12 a tsakiyar shekarun 1950: Chevrolet a 1955, Ford kuma a 1956. Wannan dalili ne kuma ya sa manyan motocin gas, irin su gingimari da tirela, suke amfani da bolt 24. Injin fetur yana matse iska kamar sau 8 zuwa 10, na gas kuwa sau 16 zuwa 22, don haka juya shi ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ke Faruwa Idan Ba Su Dace Ba

Idan aka sa sitata mai bolt 24 a motar bolt 12, ko mai bolt 12 a motar bolt 6, wutar ta yi mata kaɗan. Wani lokacin solonoid ma ba ya iya tura ɗan giyan, sai a ji ƙara ɗaya ko ƙaf-ƙaf-ƙaf. Idan kuma ta juya, a hankali za ta juya kamar mai ciwon baya. Mutane da yawa suna ɗauka wannan ba shi da illa tun da wutar ba ta yi yawa ba. Alhali sitatar da take juyawa a hankali ta fi jan wuta, domin saurin juyawarta ne yake rage yawan amfiyar da take sha. Direba ya yi ta murɗa makulli, waya ta yi zafi, batir ya ƙare, injin kuma bai tashi ba.

Idan aka juya lamarin, aka ba sitata mai bolt 12 wutar bolt 24, a daidai lokacin da ta fara motsi za ta ja amfiya ninki biyu. Ƙa'idar lantarki kuwa ita ce, idan amfiya ta ninka sau 2, zafin da take haifarwa yakan ninka sau 4. Naɗin wayar da ke cikin solonoid, da yake siriri ne, shi yake fara ƙonewa. Wani lokaci bakinsa ya narke ya manne, sitata ta ci gaba da juyawa ko da an zare makulli. A irin wannan hali, in ba a yi hanzarin cire kan batir ba, gobara tana iya tashi. Bayan haka ɗan giyan yana dukan faifan da ƙarfin da ya wuce kima, sai haƙora su fara ɓarewa. Canza sitata aikin awa ɗaya ne ko biyu. Canza faifan kuwa sai an raba inji da giyabos.

Akwai yanayi guda da makanikai suka daɗe suna ɗaga wa ƙafa, wato ba sitata mai bolt 6 wutar bolt 12. Da yake an yi ta da waya mai kauri domin ɗaukar amfiya mai yawa, takan jure, har ma ta tayar da inji da sauri. Sharaɗin shi ne kada a riƙe makulli fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Duk da haka dukan da take yi wa haƙoran faifan yana nan, kuma solonoid ɗinta ya fi kyau a musanya shi da na bolt 12.

Misali na Farko: Dunƙule

Motar Volkswagen Beetle, wadda Hausawa suke kira dunƙule, Yarbawa kuma ijapa, wato kunkuru, ita ce ta fi nuna wannan matsala a fili. Kafin samfurin shekarar 1967, dunƙule da bolt 6 take aiki. Daga nan kamfanin ya fara komawa bolt 12. Masana'antar Volkswagen ta Legas ta fara harhaɗa motar a 1975, bayan wannan sauyi, saboda haka injunan dunƙule da suka yawaita a ƙasar nan na tsarin bolt 12 ne. Wanda ya gaji dunƙulen farkon shekarun 1960 daga mahaifinsa, yake son ya farfaɗo da ita, kusan tabbas injin bolt 12 zai samu a kasuwa.

A ido injunan biyu kamar an tsaga kara. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Faifan injin bolt 6 yana da haƙora 109, na bolt 12 kuwa 130. Girman haƙoran ba ɗaya ba ne, don haka ɗan giyan tsohuwar sitata ba zai shiga sabon faifan ba, sai dai ya yi ta gurzarsa. Na biyu, a dunƙule ba a jikin inji ake ɗaure sitata ba, a jikin giyabos ne, kuma ƙarshen sandarta yana hutawa a cikin wani ɗan zoben tagulla da ke cikin giyabos ɗin. Kaurin sandar sitatar bolt 6 ya ɗara na bolt 12, don haka zoben ma sai an canza shi da wanda ya dace. Idan aka bar tsohon, sandar za ta riƙa rawa, sitata ta lalace cikin ɗan lokaci. Na uku, sabon faifan ya ɗan fi tsohon faɗi, har yakan gogi cikin tsohon giyabos, sai an ɗan kankare wurin.

Mai irin wannan mota yana da zaɓi biyu. Ko dai ya mayar da motar gaba ɗaya tsarin bolt 12, da sabuwar sitata da sabon zobe da sabon batir, ko kuma a nema wa sabon injin faifai mai haƙora 109 da ya dace da shi, a cire masa janareto da koyil na bolt 12 a sa na bolt 6. Zaɓi na farko ya fi sauƙi a yau, domin batir da ƙwan fitila na bolt 6 sun yi wuyar samu.

Misali na Biyu: Injin Gas a Motar Kaya

Dunƙule ta zama motar sha'awa. Matsalar da ta fi damun masu jigilar kaya zuwa Bodija ita ce ta bolt 12 da 24. Motocin Fijo, kamar 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da a-kori-kurarta, da kuma J5 mai ɗaukar kayan gwari, duk masu bolt 12 ne. Amma da yawa daga cikin injunan gas na ƙasar Japan, irin na Mitsubishi Canter da Toyota Coaster da wasu tsofaffin Land Cruiser, da kayan bolt 24 suke zuwa. Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne, inji iri ɗaya yana iya fitowa da bolt 12 a wata ƙasa, ya fito da bolt 24 a wata. Sunan injin kaɗai ba zai gaya wa mai saye komai ba.

A nan ya kamata a fahimci cewa shi kansa ƙarfen injin bai san bolt ba. Fistin da sandunansa ba ruwansu da batir. Kayan lantarkin da aka rataya a jikinsa su ne suke da bolt: sitata, da altaneta mai cajin batir, da hitocin da suke ɗumama injin gas kafin ya tashi, da ɗan solonoid da yake buɗe wa mai hanya a famfon gas. Idan aka ɗora injin bolt 24 a motar bolt 12, ko dai a canza waɗannan kaya huɗu su koma 12, ko kuma a canza motar ta koma 24. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi rabi a bar rabi.

Amma rabi da rabin shi ne abin da aka fi yi, saboda araha. Sai a ƙara batir na biyu domin sitata ta sami bolt 24, sannan a jawo waya daga tsakiyar batiran biyu a ba fitilu da rediyo bolt 12. Da farko komai yana aiki. Sai dai batir ɗaya ne yake ɗaukar nauyin fitilun, alhali altaneta caji iri ɗaya take tura wa duka biyun. Wanda ake ja daga jikinsa ba ya cika, ɗayan kuma cajin yana yi masa yawa har ruwansa ya ƙafe. Cikin 'yan watanni a rasa batir biyu a lokaci guda. Araha dai ba ta ado. Hanyar da ta dace ita ce a sayi na'urar da take rage bolt 24 zuwa 12, a ba ƙananan kayan wuta ta cikinta. Wasu tsofaffin manyan motoci ma da wani makunni na musamman suka fito daga masana'anta, wanda yake jera batiran su ba da bolt 24 a lokacin tayarwa kawai, sannan ya mayar da su 12. Mai gyaran wayar da bai san wannan makunni ba yana iya yanke shi ya haɗa wayoyin kai tsaye, ya ƙona kayan motar.

Waya da Kan Batir

Ko da bolt ya dace, haƙora sun dace, saura waya. Sitatar ƙaramin injin fetur tana jan amfiya 100 zuwa 200, ta injin gas kuwa tana jan ɗaruruwa. Idan aka cire injin fetur aka sa na gas, aka bar siririyar wayar da, wutar za ta zube a hanya ta zama zafi. Haka kuma wutar tana komawa batir ne ta jikin inji da jikin mota. Akwai wata waya mai kauri da take haɗa inji da jikin mota, wadda sau da yawa ake mantawa da ita bayan an ɗora sabon inji. Idan babu ita, wutar za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, har su yi jawur.

Wani abin lura kuma ya shafi tsofaffin motocin Ingila, irin su Morris da Austin da Land Rover na kafin ƙarshen shekarun 1960. A cikinsu kan fozitif ne ake haɗawa da jikin mota, saɓanin motocin yau da ake haɗa negatif. Tsohuwar sitata mai naɗin waya ba ta damu da wannan ba, gefe ɗaya take juyawa ko ta yaya aka haɗa. Amma sitatar zamani mai maganaɗisun dindindin baya za ta juya idan aka juya mata kan batir, altaneta kuwa nan take za ta ƙone. Wanda zai sa sabon inji a irin wannan mota sai ya fara mayar da ita tsarin negatif.

Abubuwan Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Rigakafi ya fi magani. Mai mota ya tafi kasuwa da mai gyaran waya, wanda a Kudu ake kira riwaya, tare da makanikensa. Yawanci makanike kaɗai ake ɗauka, sai aiki ya ɓaci sannan a tuna da mai waya. A kasuwar kuma a kula da waɗannan:

Na farko, a goge jikin sitata da altaneta a karanta abin da aka buga a kansu, ko 12 ne ko 24. Kada a dogara da maganar mai sayarwa kaɗai, domin shi ma a kwantena ya tarar da injin.

Na biyu, a sayi injin tare da sitatarsa da faifansa na asali. Idan dole a yi amfani da wata sitatar, a ƙirga haƙoran faifan, a gwada ɗan giyan a kansu da hannu, a kuma tabbatar gefen da take juyawa ya yi daidai da na injin.

Na uku, a yanke shawarar tsarin da motar za ta bi tun kafin a kunce noti ɗaya, sannan a lissafa duk abin da zai canza: ƙwan fitila, ham, injin goge gilashi, agogunan gaban direba, koyil ko hita. Kuɗin waɗannan yana cikin kuɗin injin.

Na huɗu, bayan an gama, a auna da mita. Cikakken batirin bolt 12 yana nuna kimanin 12.6. Lokacin da sitata take juyawa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Idan inji yana aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. A tsarin bolt 24 sai a ninka waɗannan alƙaluma sau 2.

Na biyar, direba ya kiyaye kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma ya bar sitata ta huce kafin ya sake. Haka nan kada ya yarda a tayar masa da ƙaramar mota da wutar batiran tirela, duk yadda ya matsu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin aikin sitata, da bambancin bolt 6 da 12 da 24, da abin da yake biyo baya idan aka gwama kayan da ba su dace ba. An ga cewa matsalar dunƙule ta haƙora ce da zobe, ta motocin kaya kuma ta batir ce da waya. Ga ɗan kasuwar da yake jiran kayansa a Bodija, sitatar da ta ƙone a tsakanin Mokwa da Jebba tana nufin kwana ɗaya ko biyu a bakin hanya, tumatir da tattasai kuwa ba sa jira. Asarar takan wuce kuɗin sitatar sau da yawa, kuma takan faɗa kan manomi da dillali da direba baki ɗaya. Duba lambar da ke jikin sitata da ƙirga haƙoran faifai ba za su ɗauki rabin awa ba. Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a nema.